Uwar Tara da Farantin Alkama

Tun ina yarinya aka san ni da saurin yanke hukunci. Kafin mutum ya gama buɗe baki na riga na san abin da zai faɗa, na ba shi amsa, na kuma yi fushi da shi. Wannan halin ne ya kusa raba ni da ƙawa ɗaya tilo da nake da ita a Riyad, a kan farantin dafaffiyar alkama.

A shekarun tamanin ne maigidana ya sami aikin injiniya a wata masana'anta a Birnin Masana'antu na Biyu, ya ɗauko ni daga Zariya da 'yata a goye. A gida ni malamar firamare ce, mai aji guda da tsumagiya guda, ana jin muryata tun daga bakin titi. A Riyad kuwa takardar zamana, wadda ake kira iƙama, a jikin tasa take, kuma ba ta yarda in yi aiki ba. Kamfani ya ba mu gida a hawa na biyu na wani bene a unguwar Al-Murabba. Motar ma'aikata takan ɗauke shi bayan asuba, ba ta dawo da shi sai gab da magariba. Tsakanin nan daga ni sai jaririya sai na'urar sanyaya ɗaki mai ƙara kamar injin markaɗe. Wallahi har da tukunya na yi hira.

Ƙofar da ke kallon tamu ta wata Bagirkiya ce, mijinta abokin aikin maigidana. Ta girme ni da kusan shekara ashirin, doguwa, ga hanci, ga furfura ta fara leƙowa. Ita ma malamar makaranta ce a ƙasarsu, ita ma an kawo ta an ajiye. Ranar da zazzaɓi ya kwantar da ni, yarinya tana ta tsala ihu, ita ce ta ƙwanƙwasa, ta shigo ba ta nemi izinin kowa ba, ta ɗauke ta ta yi ta jijjigawa har la'asar. Daga ranar na zama 'yar gida. Ina ce mata Madam, ita kuma tana ce min ukhti, wato 'yar'uwa. Turancinta gurgu ne, Larabcinmu mu duka na cefane ne, amma da hannu da ido da dariya babu abin da ba mu tattauna.

A kicin ɗinta, kan wata 'yar kanta, akwai wani kati mai hoton wata mace zaune ta yi tagumi, 'yan mata tara sun kewaye ta. Ƙanwarta ce ta aiko mata da shi ta gidan waya. Kafin ya iso hannunta, wani bawan Allah mai kishin addini cikin masu tace wasiƙu ya bi hannuwan matan da kafaɗunsu da baƙin alƙalami ya rufe tsaf, kowacce ya ɗinka mata doguwar riga. Madam takan ce matan nan sun riga ta samun abaya.

Wata rana muna shan shayi na nuna katin na ce, "Madam, wace ce wannan mai tagumin?"

Ta ce, "Mnimosini."

"Wa?"

"Mnimosini."

Na ce, "Munimosini."

Ta girgiza kai. "Babu mu."

"Minimosini."

"Babu mi. Rufe baki kamar za ki yi gurnani, kafin ki buɗe sai ki ce ni."

Na rufe baki, na yi gurnanin, na buɗe, sai ga "Namusini" ta faɗo. Madam ta yi dariya har shayi ya sarƙe ta. Ta ce in kwantar da hankalina, Turawan Ingila ma sun kasa, su sai suka yar da harafin farko gaba ɗaya suka huta, malalatan banza. Na ce ni ba zan yar da komai ba. Ni da na sha zane 'ya'yan mutane don sun kasa raba fa da pa, yau ga ni zaune gaban wata tana kallon leɓena tana cewa "sake". Alhakin yaran nan ne, na sani.

Zuciya ta ɗebe ni. Mako guda cur ina fama. Ina wanke-wanke ina gurnani, ina shara ina gurnani, ina tsaye gaban madubi ina murguɗa baki. Maigidana ya dawo wata rana ya same ni a haka, ya ajiye jakarsa ya ce, "Malama, haƙori ne? Gobe in nemi izini mu je asibiti?" Na ce ya rabu da ni, karatu nake.

Sai da na kusa iyawa sannan ya faɗo min in tambayi abin da ya kamata in fara tambaya. Na ce, "Wai ita matar nan, sarauniya ce ko me?"

Madam ta ce a'a, allahiyar tunawa ce ta Girkawan dā.

Na miƙe tsaye. "A'uzubillahi! Gunki? Madam, gunki kika sa nake kira mako guda a ɗakin da nake salla?"

Ta kamo hannuna ta zaunar da ni tana dariya. Ta zaro wani ɗan gicciye daga cikin wuyan rigarta ta nuna min, ta mayar da sauri. Ta ce ita Kirista ce, mutanensu sun bar bautar waɗannan tun zamanin da ba wanda ya san iyakarsa, yanzu tatsuniya ce kawai da ake koya wa yara a makaranta, kuma shekara goma sha wani abu ta yi tana koyar da ita. Na yi istigfari dai a zuci, na ce to ta ba ni tatsuniyar, tunda na riga na shiga.

Ta ce wai sarkin allolin nasu ne ya je wurin matar nan dare tara a jere, ta haifi 'ya'ya tara.

Na ce, "Tara? Duk mata?"

"Duk mata."

"Ko namiji ɗaya babu?"

"Babu."

"Tabɗi! Ai dole ta yi tagumi. Wa zai yi mata kayan ɗaki? Gado tara, katifa tara, jeren kwano tara, ga gara. Shi uban kuma na san ko tsinke ba zai kawo ba."

Sai da na yi mata bayanin kayan ɗaki da gara, da yadda uwa take fara tara kwanuka tun yarinya tana rarrafe. Madam ta dubi katin ta ce shekara da shekaru tana koyar da labarin nan, ba ta taɓa sanin abin da ke damun matar ba sai yau. Daga ranar na raɗa mata suna Uwar Tara, na huta da gurnani. Amma fa in Madam ta tsare ni, ina iya faɗar sunan na gaskiya, in dai ban yi sauri ba.

Ta lissafa min aikin 'ya'yan. Wannan ta waƙa ce, wannan ta rawa, wannan ta tarihi, wannan ta taurari, akwai ta wasan ban dariya, akwai ta wasan ban tausayi, sauran na manta, abin kunya ga ɗalibar allahiyar tunawa. Sannan ta gyara zama irin na malamai ta jefo min tambaya. Me ya sa Girkawa suka ce tunawa ce uwar waɗannan duka, ba hikima ba, ba daɗin murya ba?

Na tsaya na yi tunani, abin da ba kasafai nake yi ba. Sai kakata ta faɗo min a rai. Ko alif ba ta sani ba, amma in ta fara jero dangi sai ta kai ka kaka na bakwai, da wanda ya auri wa, da shekarar da aka yi fari, da waƙar da aka yi wa kowa ranar suna. Na tuna marokin unguwarmu, wanda in ya ga mutum a taron biki zai kwararo masa iyaye da kakanni ba takarda ba alƙalami. Na ce, "Madam, ai lokacin ba rubutu. Abin da ba a riƙe a ka ba ya tafi ke nan. Mawaƙin da ya manta ai ba shi da waƙa."

Ta tafa min, ta ba ni biskit biyu. Na ji daɗi ƙwarai, ba zan ɓoye ba. Rabon da wani ya tambaye ni abin da ya wuce "me za a ci yau" tun ina Zariya.

Ta ƙara min da cewa a tatsuniyar akwai maɓuɓɓuga biyu, wanda ya sha ɗaya ya manta komai, wanda ya sha ɗayar ya tuna komai. Na ce mu ma ana ba yara rubutu su sha don kaifin ƙwaƙwalwa, ni kaina na sha ya fi a ƙirga kafin jarrabawa, amma namu ayar Allah ce, kada ta haɗa. Ta ɗaga hannu biyu ta ce ba ta haɗa ba. Muka rabu lafiya. Sai dai can ƙasan raina wani abu bai kwanta ba. In tatsuniya ce kawai, me hoton yake yi a kan kanta, a wurin da ake dafa abinci?

Ana nan sai mahaifiyar Madam ta rasu a ƙasarsu. A waya aka gaya wa mijinta a wurin aiki. Fasfo ɗinsu yana hannun kamfani kamar na kowa, bizar fita kuma ba a rana ɗaya ake samunta ba. Kafin a ce za a fara cike takarda an riga an binne tsohuwa. Na shiga yi mata gaisuwa na same ta cikin baƙaƙen kaya, ido ya kumbura. Na zauna, na ba ta haƙuri, na yi kuka tare da ita, don ni ma tawa uwar tana can nesa. Da na shiga kicin in ɗebo mata ruwa, sai na ga sabon abu a kan kantar nan. Ga hoton mahaifiyarta, ga kofin gilashi da mai a ciki da lagwani yana ci da rana tsaka, ga katin Uwar Tara a gefe inda yake kullum. Ban tambaye ta ba, amma na ajiye a raina.

Rana ta tara da rasuwar, da hantsi, aka ƙwanƙwasa. Madam ce, riƙe da faranti a hannu biyu. Dafaffiyar alkama ce, an cuɗa ta da 'ya'yan rumman da zabibi da riɗi, ga ƙamshin kirfa, an rufe samanta da garin sukari fari fat, an jera 'ya'yan lauz, masu kama da manyan gyaɗa, a kai sun yi wasu haruffa da ban san su ba. Ta bar ƙofarta a buɗe, ina hango babban tiren da aka ɗebo daga ciki, yana ajiye daidai ƙarƙashin fitilar nan da katin nan.

Ta ce, "Don mahaifiyata, ukhti. Ki ci."

Kafin ta rufe baki na gama lissafi. Sadakar mamaci ai uku ce, da bakwai, da arba'in, kowa ya sani. Yau kwana tara. Wa ke da tara? Dare tara, 'ya'ya tara, ga fitila, ga hoto, ga rubutu kamar hatimi. Kuma aikin matar nan tunawa ne, ga 'yar da ke son a tuna da uwarta. Na ce a raina, shi ke nan, an kai wa gunki abinci, ragowar ce aka kawo min. Har wani daɗi na ji na irin kaifin basirata.

Na sa gefen mayafi na karɓa, na ce shukran, na rufe ƙofa. Zubarwa a shara ba zai yiwu ba, abinci ne, ina tsoron Allah. Sai na hau rufin bene inda muke shanya, na juye wa tantabaru. Suka sauko kamar an yi musu shela. Na dawo na wanke farantin sau bakwai. Da yake ba a mayar da kwanon maƙwabci haka nan, na cika shi da dabino mai kyau, na kai mata bayan la'asar ina murmushi.

Ta buɗe. Kwandon wanki yana ajiye a bayanta, kayan da ta kwaso daga shanya. Ta dubi farantin, ta dube ni. Ta kama hannuna ta juye min dabinon a tafi, wasu suka zube ƙasa. Ta ce, "Na ga tsuntsaye sun ƙoshi." Ta rufe ƙofa a hankali.

Kunya ta kama ni, amma nan take na mayar da ita fushi, don na fi iya shi. Da maigida ya dawo na zayyana masa komai, ina jiran ya ce sannu da tsare imani. Ya gama ji ya ce, "Kin tambaye ta?" Na ce, "Me zan tambaya, abin da na gani da idona?" Ya ce to, ya ci gaba da cin tuwonsa. Wannan "to" tasa ta fi zagi ciwo.

Kwana biyar ba ta ƙwanƙwasa ba, ni ma ban ƙwanƙwasa ba. In muka haɗu a matakala sai ta sunkuyar da kai ta wuce. Yarinyata, da ta fara tafiya lokacin, takan je ta dafa ƙofarta tana bubbugawa, in ɗauko ta tana kuka. Na koma hira da tukunya, kuma yanzu tukunyar ma ba ta ishe ni ba.

Akwai wata tsohuwa 'yar Maraɗi da ke zuwa sau biyu a mako tana wanke matakalar benen, tana yi wa masu so wanki. Aikin hajji ya kawo ta tun da ƙuruciya ta zauna. Inna nake ce mata, in ta gama aiki takan shigo mu sha kunu. Ranar ta zauna ta miƙe ƙafa ta ce, "Ke ɗiyar nan, mi ya haɗa ki da Baturiyarki? Ban ga kuna leƙa juna ba."

Na rage murya na ba ta labari, har da lissafin tara. Na ce, "Inna, Allah ne ya tsare ni, da na ci abincin tsafi."

Ta ajiye kofi. "Alkamar nan mai sukari?"

"Ita."

"Ai ni na ci. Ta ba ni cikin kofi, na cinye, na lashe cokali."

"Inna!"

Ta yi dariya har tana share hawaye da bakin zane. Ta ce, "Wayyo 'yan boko. Ke kin taɓa ganin abincin iskoki da idonki? To ni kakata 'yar bori ce, a gabanta na tashi kafin Allah ya shirye mu. Abin da anka yi don iska ba a bi gida gida da shi. A ɓoye ake kai shi gindin tsamiya, a aje a juyo, ba a waiwaye. Wa zai ce miki ki ci? Abin da kinka ga mace ta ɗauko da ido jajir tana bin ƙofofi tana roƙon a ci, wannan sadakar mamaci ce ko a wace ƙasa."

Na ce, "To ai kwana tara ne, Inna. Sadaka bakwai ce."

"Bakwai ɗin taku ce. Ke kinka raba wa duniya kwanaki? Fitilar kuma don uwar ce, ba ki ga hotonta ba? Wancan katin ai tun zuwanta nake goge mishi ƙura, ko ruwa ba ta taɓa aje mishi ba."

Sai ta daina dariya. Ta ce ranar tana wanke matakala, a idonta aka yi komai. Ƙofa shida ce a benen ban da ta Madam, kuma duk ta bi su da faranti. Wasu ba su buɗe ba, wasu suka ce sun gode ta bayan ƙofa. Mutum biyu ne kawai suka karɓa, ita Inna da ni. Ta ce, "Da kinka karɓa, ta juyo tana ce min ukhti ta karɓa, ukhti ta karɓa. Ba ta samu ganin gawar uwarta ba, garin ga ba coci balle ta je. Abin da ya rage mata ke nan, a ci."

Na ture kunun gefe. Na yi kuka sosai, Inna ta bar ni na yi, sannan ta ce kuka ba ya mayar da alkama cikin faranti, in tashi in san abin yi.

Da maigida ya dawo ban jira ya cire takalmi ba. Na ce gobe ya tambayi mijin Madam ko suna da arba'in. Ya dawo da amsa cewa suna da ita, kuma ita ce babba, ya faɗa min ranar. Na ce, "To a addinance fa?" Ya ce ba yanka a ciki, alkama ce da 'ya'yan itace, ba wanda ya ce in yi irin addu'arsu, maƙwabciya ce aka yi wa rasuwa. Ya ƙara da cewa, "Da kin tambaya tun farko." Na ce na ji, ba sai ya maimaita ba.

Na je na ƙwanƙwasa mata sau biyu a makon, ba ta buɗe ba, alhali ina jin motsinta. Na rubuta takardar ban haƙuri da Turancina na aji, na karanta na ga kamar wasiƙar neman hutu, na yaga. Ranar Alhamis na sa maigida ya kai ni kasuwar Al-Aziziya in sayo mata rumman. Ashe can ba a sayar da guda guda, sai kwali. Muka dawo da kwali guda, shi yana ɗauke da shi a kafaɗa yana mita har hawa na biyu. Na ajiye a bakin ƙofarta. Kwana biyu yana nan, kowa ya zo sai ya tsallake. Rana ta uku na ga babu shi, amma ban sani ba ko ita ta shigar ko wani ya taimaka.

Sai na ce to, ni dai abin da na iya shi zan yi. A garinmu ba a aika wa mai makoki takarda, zuwa ake a zauna. Na nemi matar wani likita 'yar Kano da muke haɗuwa wurin suna, da wasu nas biyu 'yan Katsina da za su tashi aiki da safe ranar. Na gaya musu gaskiyar abin da na aikata, ban rage ba. Matar likitan ta ce, "Tantabaru? Kai, Allah ya shirye ki." Har yau in mun haɗu sai ta tambaye ni lafiyar tsuntsayena. Amma duk suka ce za su zo.

Ranar arba'in ta faɗo ranar aiki, maza duk sun fita. Tun bayan asuba na hau suyar waina, na yi miyar taushe, Inna ta daka gumba a ɗan turmina har na ƙasa suka buga mana silin. Da hantsi muka tsaya a bakin ƙofar Madam mu biyar, cikin baƙaƙen abaya, kowa da kwano a hannu, 'yata a bayana. Ni da ba na tsoron kowa, sai na kasa ƙwanƙwasawa. Inna ta ture ni gefe ta ƙwanƙwasa da kanta, ta ɗaga murya ta ce, "Madam, iftahi, buɗe mana, baƙi ne."

Ta buɗe. Ta rame. Ta bi mu da kallo ɗaya bayan ɗaya har ta zo kaina ta tsaya.

Duk jawabin da na shirya ya gudu. Na ce, "Madam, mun zo zaman arba'in. Haka muke yi a garinmu. Wancan karon ban tambaya ba, na yi wauta. Ki yafe min."

Ba ta ce ta yafe ba, ba ta ce ba ta yafe ba. Ta matsa daga bakin ƙofa. Muka shige, muka ture kujerunta gefe, muka shimfiɗa tabarmar da na zo da ita, muka zauna a ƙasa. Kowa ta ce mata ya haƙuri, Allah ya ba da dangana, ina fassarawa. Ita tana tsaye a tsakiyar ɗakinta kamar baƙuwa, ba ta san inda za ta sa hannunta ba. Inna ta ja gefen rigarta ta zaunar da ita a tsakiyarmu.

Can na hango teburin cin abinci. Babu babban tire wannan karon. Ɗan kwano ne wanda bai fi na miyar mutum ɗaya ba, da farin sukarinsa da 'ya'yan lauz, ba a taɓa shi ba. Kujera ɗaya ce a janye a gabansa.

Ta ga inda nake kallo. Ta ce, "Kaɗan na yi. Na ɗauka ba mai ci." Ta dubi kwanon. "Tun safe nake zaune a gabansa. Na kasa ci ni kaɗai."

Na ce, "To ga mu, Madam. Ni za ki fara ba."

Ta daɗe tana kallona, hawaye yana bin hancinta. Sannan ta dafa kafaɗata ta miƙe, ta shiga kicin neman cokula. Huɗu kawai take da su, sai muka riƙa miƙa wa juna.